Rokar da Ta Sauka a Miyar Kuka

Na daɗe ina haɗa rokar nan ta kwali a ɗakina na unguwar Hayyin Ashir, a Sudan. Laimar da za ta sauko da ita kuwa, tsohuwar shaddata na yanka, na dafka mata sitaci har tana ƙara. Mu da ba ma fita da yamutsattsen kaya, ina za a ga rokarmu a yamutse?

Ranar Juma'a na kwashi abokan karatuna muka fita sahara. Malam Isa, dattijonmu da ya daɗe a Sudan, ya zo da tuwo da miyar kuka, ragowar kukar da aka aiko masa daga gida.

"Injiniya, ƙyallen nan zai buɗe kuwa?" in ji shi.

"Baba, ku dai ku kalli sama," na ce, ina gyara hula.

Roka ta tashi kam, har aka yi kabbara. Sai shaddar ta fito a ninke, ta sandare kamar allo. Roka ta juyo da ka, ta nufi tukunya kamar an aike ta.

Gayan tuwo muka ci. Malam Isa yana tsame kwali daga miya yana cewa ma'alish, wato ba komai, ko kallona bai yi ba.

Har yau in na shiga walima sai wani ya ɗaga murya: "Ku rufe miya, Injiniya ya iso!"