Rasuwar Gimbiya, Mai Tsayar da Hoto

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da ƙafa wadda ta kasa zama wuri ɗaya, ni Chindo ɗan Mahamman na garin Tajaye, a madadin kaina da Goggo Tsahara wadda ta riƙe ni, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Tajaye, Illela, Malbaza da Birnin Konni rasuwar Gimbiya, na'urar kallon faifan azurfa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, cikin zafin bazarar bana ta 1996, bayan jinya mai tsawo da ta ɗauka ba tare da ta dami maƙwabta ba.

Ga waɗanda ba su sami sanin marigayiya ba, ina roƙo kada a haɗa ta da bidiyon kaset. Ba danginta ba ne. Abincinta faifai ne mai faɗin murfin tukunya, mai ƙyalli kamar madubi, kuma allura ba ta taɓa shi. Da haske take karanta shi, ta wani ɗan ido da bai kai ƙwayar wake ba. A duk ƙasar nan ban taɓa jin labarin irinta ba, kuma na tambaya.

An haife ta a ƙasar da ban sani ba. Wani Bature da ya yi aiki a Malbaza ne ya zo da ita, da zai koma gida ya bar wa kukunsa Inusa. Inusa ya gwada cusa mata kaset ta ƙi, sai ya mai da ita mazaunin tulu. A nan na same ta, da zoben laima a bayanta, wanda ta mutu da shi. A lokacin na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ban gama ba, na yi kabu-kabu a Konni na bari, na yi ɗinki wurin Jaje tela na bari, na bi 'yan fetur bakin iyaka na dawo. Duk wanda ya san ni ya san ba na kai damina biyu kan abu ɗaya. Gimbiya kaɗai na kai wa huɗu.

Marigayiya mai natsuwa ce. In aka tayar da ƙaramin janareto aka taɓa ta, sai ta ce "kurrr-ƙat", ta miƙo harshenta a ɗora faifai. Ta janye shi ciki, ta yi shiru kamar mai tunani, sannan a ji "zuuuu" yana hawa a hankali har ya zama kamar numfashin mai barci. Daga nan hoto ya fito a tele, tas, babu rawa babu yayyafi. Ba ta taɓa cinye faifan kowa ba. Ba ta raina abin da muka iya mata ba: da igiyarta ta tsinke, na yanko wata daga robar tayar keke, ta karɓa. Da haƙorin wani ɗan gargarenta ya karye, na sassaƙo wani daga tsohon mataji, ta karɓa. Idonta kuwa da auduga a kan tsinke nake share shi, ina riƙe numfashi.

Saboda ita na zama mai yawon neman fayafai. A ƙasar nan ba wanda ke sayar da su. Sai dai a tsince su inda ƙaddara ta jefa su. Na karɓo ɗaya a gonar gero bayan Malbaza, an rataye shi a sanda yana korar tsuntsaye. Na karɓo ɗaya wurin wanzami a Illela, mutane na duba ƙeyarsu a ciki. Ɗaya kuwa a jeren wata amarya yake a Konni, tsakanin kwanonin tasa, sai da na kai mata madubi na gaske kafin ta yarda. Wasu sun yi, wasu sun riga sun ruɓe daga ciki, hotonsu duk ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Ban yar da ko ɗaya ba.

Amma babbar baiwarta, wadda ita ce kuma ajalinta, ita ce tsayar da hoto. Da wasu fayafan, in ka danna mata wuri guda, sai duniya ta tsaya cak. Tsuntsu ya tsaya a sama, ruwa ya tsaya a bakin buta, kuma hoton ba ya ko motsi.

Cikin fayafan da ta zo da su akwai na wata tashar jiragen ruwa, wani yana bayani da Faransanci. Wata rana da azahar, na rufe taga da buhu ina kallo, Goggo ta shigo neman ludayi. Daidai nan wani lebura ya sauko daga jirgi da buhu a kai, ya juyo fuskarsa. Goggo ta ce, "Mutari." Ni kuma na danna.

Mutari yayana ne. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ba ta sami haihuwa ba, mu biyu ta riƙe tun muna ƙanana. Ya tafi ci-rani bakin teku shekaru da dama da suka wuce. Da fari ana kawo saƙonsa, daga baya sai shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. To ga shi tsaye a ɗakina, da gajeren wando, da gumi a goshi, yana duban mu.

Daga ranar nan, duk la'asar Goggo kan shimfiɗa tabarmarta gaban tele. Ni in tayar da janareto, in nemo wurin, in tsayar. Ta kan gaishe shi da aiki, ta ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, da yadda akuya ta haifi biyu. Ni kuma in zauna a gefe, yatsana kusa da maɓalli, saboda in kuran, wato wutar janareto, ya yi rauni hoton yakan kuɓuce, sai an sake kamo shi. Ba na iya tashi. Abokaina na wucewa zuwa tasha, ina jin su. Na haddace duk abin da ke bayan mutumin nan: launin jirgin, da wani dogon ƙarfe mai ɗaga kaya, da rabin wani rubutu a bango. Na ce wa kaina duk ranar da na ga tashar nan da idona zan gane ta.

Ciwon ya fara ne bara. Ta soma jinkirin tashi, tana cewa "tik, tik, tik" kafin "zuuuu" ya zo. Na ɗauke ta a motar Labo direba zuwa Konni wurin Abarshi mai gyaran rediyo, wanda shi ne likitanta tun farko. Ya buɗe ta, ya sa hanci, ya tambaye ni ko ina barin ta a tsaye da yawa. Ya ce mu muna ganin kamar hutawa take in hoto ya tsaya, alhali a ciki gudu take yi, tana zagaya wuri ɗaya, ba gaba ba baya, kuma wannan ya fi tafiya cin rai. Ya ce in rage. Na dawo na faɗa wa Goggo, ta ce to, ta kuma shimfiɗa tabarma.

Bana abin ya yi tsanani. Lokaci ne da 'yan ci-rani ke dawowa don gyaran gona. Kowace mota ta tsaya, sai an sauke ɗan wani da akwati da rediyo. Duk ranar da aka yi haka, zaman Goggo gaban tele yakan yi tsawo. Ina jiƙa tsumma in ɗora wa Gimbiya a ka, ina yi mata fifita da mafici kamar mai zazzaɓi. Ranar Talata ɗan maƙwabcinmu ya dawo, ana guɗa a bayan danga. Goggo ta ce in bar hoton tsaye tukuna. Sai muka ji wata ƙara siririya, "ƙiiii", wadda ba mu taɓa ji daga bakinta ba. Fuskar mutumin ta karkace, ta rabu biyu, tele ta yi shuɗi. Wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Na taɓa ta, ba ta miƙo harshe ba. Faifan na ciki har yanzu.

Abarshi ya zo da kansa washegari, Allah ya saka masa. Ya duba, ya rufe, ya wanke hannu. Ya ce abin da ke juya faifan ya ƙone, idon ma ya tafi, kuma ba a samun madadinsu a Konni ko a Sakkwato. Watakila Kano, watakila sai Legas, a kasuwar tsofaffin kaya, in mutum ya yi sa'a. Ban bari ya gama ba na aika wa Labo ya ajiye mini wuri a gaba. Ba zan ɓoye ba, a cikin baƙin cikin nan na ji wani abu ya saki a ƙirjina. Legas bakin teku ce. Daga nan sai in bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya.

Ina cusa riguna a jaka Goggo ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce mata zan nemo wa Gimbiya ido, in kuma Allah ya so in nemo mai buhun da kansa.

Ta ce, "Chindo, wanga ba Mutari ba na. Tun da jaki ya kayar da shi yana yaro, wuyanai bai ɗaukar kaya. A kafaɗa yake ɗauka. Ni na yi mai jinya, ina mantawa?"

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun kafin ta fita da ludayin. Bakinta ne ya riga ta, da ta sake dubawa ta gane. Na ce to me ya sa duk shekarun nan, duk man janareton nan, duk gaisuwar nan.

"In ya tsaya, kai ma kana tsayawa," in ji ta. "Shi ɗaya na gani ya iya zaunar da kai."

Na ce bari a buɗe a ciro faifan. Ta ce a'a, a bar bawan Allah ya sauke buhunsa, ya daɗe tsaye dominmu.

Don haka masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri in suka ga ban iya amsawa yadda ya kamata ba. Na'ura ta mutu mini ranar Talata, yayana kuma ya sake ɓace mini ranar Laraba. Jakar na nan a ɗaure. Ban kwance ta ba, ban kuma ɗauke ta ba.

Marigayiya ta bar tele, wadda ba ta kama komai yanzu sai shuɗi. Ta bar janareto, wanda Jaje tela ya riga ya zo duba lafiyarsa tun ba a share hawaye ba. Ta bar marayun fayafai cike da kwali, masu lafiya da masu ƙyanda, waɗanda nake roƙon manoma da wanzamai su ɗauke ido daga kansu. Ta bar Goggo Tsahara, wadda la'asar ta yi wa faɗi. Ta bar ni. Duk wanda ya ji labarin irinta a wani gari, ya taimaka. Goggo ta ce in ƙara da cewa ya kawo ta Tajaye da hannunsa, kada ya aiko a kira ni.

Game da jana'iza, na je wurin Liman. Ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, in daina wasa da abin da ba na wasa ba, amma sadaka ba a hana kowa. Saboda haka za a naɗe Gimbiya cikin tsohon zanen Goggo ranar Juma'a da hantsi, da faifanta a ciki, a kwantar da ita a ɗakin Mutari, kan gadonsa, a ja ƙofa. Za a raba fura da goro a zaure.

Ni na ce zaman makoki na kwana uku ya isa. Goggo ta ce abin da ya zauna da mu shekara huɗu ba a sallamar sa sai da sadakar arba'in, kuma mai gawa ba ya tafiya kafin nan. Na san lissafinta. Kafin arba'in ta cika ana sa ran ruwan shuka, kuma ba wanda ke barin tsohuwa da gona a farkon damina. Na yarda da arba'in ɗin. Abin da ke bayanta ban yi alkawari ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ana roƙon Labo direba, in ya zo wucewa ranar kasuwa, kada ya danna oda a ƙofar gidanmu har kwanakin su cika.

Masu gaisuwa za su same ni a zaure kowace la'asar. Wanda ya makara har bayan arba'in, ya dubi sama kafin ya yi sallama. In hadari ya haɗu, ina gona. In bai haɗu ba, ya shiga ya zauna da Goggo, kuma don Allah kada ya yi saurin tashi.