Rasuwar Gwaggo Juyi, Wadda Gyara Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi har wuya, ɗakin gwajin jini na hawa na biyu ke sanar da rasuwar Gwaggo Juyi, injin juya jininmu, ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiya ba ta da birki mai aiki, kuma nan ne duk albarkarta take. Idan aka zuba mata jinin mai ciwon daji, sai ta ɗauka "wuuuu", ta gama, ta sauka a hankali kamar tsohuwa a kan matakala, ta ce "ƙit". Ka buɗe ka ga fararen ƙwayoyin jini sun rabu tsaf, masu yaƙar ciwon a ƙasa, munafukan da suka koma bayansa suna iyo a sama. Yaya Mai Tabarau, wadda digirinta na uku ya rataya a kan munafukan nan, ta fi kowa sanin darajarta. Da hannun rigarta take goge mata ƙura.

Ciwon ajali ya zo ne ta hannun sabon makaniki, mutum mai son a yaba masa. Ba wanda ya aike shi, ya gyara mata birki ranar Litinin, bai gaya wa kowa ba. Washegari Yaya ta sa jinin mara lafiya ta talatin, ta ƙarshe a bincikenta, wata malamar makaranta da za ta fara shan magani da rana. In magani ya shiga jiki, wannan jinin ba ya sake samuwa. Gwaggo ta juya lafiya, sai "ƙiiiii, gab!" Ta tsaya cak, ta dama komai ya koma kunu, ta yi hayaƙi, ta cika, murfinta a kulle.

Ta bar kwalaben gwaji huɗu a cikinta, firji mai tari, da Yaya Mai Tabarau da ke zaune gabanta har yanzu tana danna maɓalli.

Za a kai ta makwancinta a ƙarƙashin matakala ranar Alhamis ƙarfe goma. Makaniki ne zai ɗauke ta, shi kaɗai, ta matakala, ba lif. Daga nan zai wanke hannu ya wuce ɗakin jinya ya yi bayani da bakinsa, domin malamar ta aiko sau biyu tana tambaya me aka gani a jininta.