Aswad ɗin da Ya Harbi Surukina

Har yau ina nan a kan bakana: aswad ɗin ne ya ci amanata.

Shekarar da na yi aure, na ziyarci surukaina kusa da Hasahisa. Surukata ta tsinko aswad, baƙin yalon nan, daga hawasharsu, wato gonarsu, za ta gasa ta kwaɓa da dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, da lemun tsami. Ni kuwa na taɓa wanke kwanuka wata uku a gidan abinci a Khartum, sai na ajiye kunya na karɓe aikin.

Ta ce, "Ɗana, soke shi da wuƙa tukuna, ya samu wurin numfashi."

Na ce, "Inna, a birni ba mu sokewa. Daɗin ke tserewa."

Na jera biyar kan garwashi ina fifita. Surukina ya matso cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a yana yaba ƙwarewata. Sai ji kake fam! Babban ya fashe, ya wanke shi daga rawani har gemu.

Ya lashi leɓe, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Tsohon ya rasu, Allah jiƙansa, gidan ya watse. Amma ko yau na buga waya, kafin mu gama gaisawa Inna za ta ce, "Ɗan birni, an koyi sokewa?"