Yadda Za Ka Sayar da Zanen da Ba a Ɗaurawa

Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a jami'a kana koyon zana gidaje, ka buɗe ofis na kanka, ga ka nan zaune kana korar ƙuda, matso kusa. Ni Iya Fanta ta Rano ban taɓa riƙe biro ba, da baki nake faɗa ana rubutawa. Amma in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, aiki zai zo ya same ka har kan kujera. Na gwada a kan jikana Lukman, ga shi nan da ransa.

Shi ma irinka ne. Wata huɗu yana buɗe ofis a bakin titi, ba wanda ya ce ya zana masa ko akurkin kaji. Sai wani kamfani a Abuja ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki. Ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Iya, in kaka ta wuce ban samu aiki ba, zan tafi."

Na ce, "Wace kakar? Ni dai ba inda zan wuce, maigida."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Shi kaɗai ya rage mini a garin nan, sauran duk sai dai murya a waya.

Mataki na 1: Kada ka gyara allonka.

Lukman ya ba da a rubuta masa "Mai Zanen Gine-gine". Mai fenti ya yi manyan baƙaƙe, wuri ya ƙare masa, aka tashi da LUKMAN MAI ZANE. Tun daga ranar ba mai leƙowa sai mata masu neman atamfa, sai wani dattijo daga Yalwa da ya tsaya can nesa ya tambaya ko nan ne ake zane mutane. Yaron nan ya ɗauko tsani zai sauke allo. Na ce ka taɓa shi ni ce zan zama mai zane yau. Allon da ke kawo mutane bisa kuskure ya fi wanda ke korarsu da gaskiya.

Mataki na 2: San wanda ke cinye maka kasuwa.

Ba wani mai digiri ba ne. Shitu birkila ne. Ka kira shi filinka, zai cire silifa ya ja layi a ƙasa da babban yatsansa: nan ɗaki, nan ɗaki, nan zaure. Kyauta. Kafin ka kunna kwamfutarka ya haƙa harsashi. Kada ka zage shi, shi zai ɗora maka bulo gobe. Amma ka lura: Shitu da maigida kaɗai yake magana. Bai taɓa tambayar wadda za ta wuni a cikin gidan ba.

Mataki na 3: Shimfiɗa tabarma.

Mace ta shigo tana tambayar leshi, kada ka ce mata ta yi ɓatan kai. Ka ce sannu da zuwa, ka ba ta ruwa mai sanyi, ka tambaye ta gida. Gidan fa nake nufi, ba mutanen gidan ba. Ba macen da ba ta da ƙorafi a kan bango.

Mataki na 4: Nemi tsohuwa mai riƙo.

Talla a waya ta yara ce. Nemi wadda ba ta manta bashin gaisuwa. Ni na san duk wadda na je wa barka, da wadda na kwana uku a zaman makokin gidansu, da wadda na yi ciwon ƙafa ba ta leƙo ni ba. Hajiya Halima Sadiya ta Kibiya tana cikin na ƙarshen nan. Mijinta Alhaji Lado dillalin shanu ne, kuma na ji ya sauke bulo zai yi sabon gida. Na aika mata cewa ƙafar ta warke, ban dai manta ba, in tana son mu shirya ta same ni a shagon jikana mai zane.

Ta zo da kuɗin atamfa turmi biyu a bakin mayafi. Ta duba bango, ta duba ƙarƙashin tebur.

"Iya, ina kayan?"

"Zauna, 'yar nan. Wannan zanen shiga cikinsa ake yi."

Mataki na 5: Rufe baki, buɗe kunne.

Ku matsalarku kenan. Lukman ya fara juyo mata da hoton wani gida mai gilashi har ƙasa. Na taka masa ƙafa. Na ce tambaye ta ina ruwan sama yake bi a gidanta na yanzu.

Sai ga magana kamar an fasa tulu. "Ruwa? Ƙofar ɗakina yake kwana! Indararon zaure tsakar gida yake zuba. Turken raguna yana jikin madafa, ina tuƙa tuwo rago na leƙa tukunya. Hayaƙi kuwa, duk kayan sawata ƙaurin itace suke."

Lukman ya ce, "Hajiya, turmin daka fa, ina kike son a ajiye?"

Ta dube shi ta dube ni. "Shekara ashirin da bakwai ina daka a rana, ba wanda ya taɓa tambayata."

Kafin la'asar ya zana mata tsakar gida mai rumfa ta gabas, kwata mai fita bayan gida, turke can ƙarshen katanga, da wurin shanya inda baƙo ba zai hango ba. Ta ninke takardar ta cusa a jaka ta tafi.

Mataki na 6: Bar Alhaji ya ɗauka dabararsa ce.

Kwana biyar sai ga Alhaji Lado da takardar a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai ne mai zanen? Tun Talata ban ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Na ce Shitu kyauta yake yi, ta ce ita ma kyauta take kwashe ruwa. Kuma wannan zauren da ka yi mini, na mutum ne ko na zabi?"

A nan za ka so kare karatunka. Kada ka soma. Lukman ya rissina ya ce, "Alhaji, ai jira nake ka zo. Zauren mutum irinka ba a yanke shi a bayan idonsa. Baƙi nawa kake saukewa ran kasuwa?"

"Wani lokaci ashirin. Har daga Durba."

Ya miƙa masa fensir ya ce ya nuna inda yake so. Alhaji ya ja wani layi karkatacce. Lukman ya ce ma sha Allah, ya miƙar da shi. Ba a taɓa ko taku ɗaya na tsakar gidan Hajiya ba.

Alhaji ya gyara hula. "Dama haka na tsara abin a raina."

Na ce, "Ai mun gani, Alhaji."

Mataki na 7: Ci gaba da sayen tabarmi.

Ranar da aka ja igiyar harsashi a Kibiya, matan unguwar suka fito kallo. Yanzu uku daga Rurum suna jiran layi, mazajensu ba su sani ba tukuna. An gama girbi, an kai dawa rumbu, Lukman ya rubuta wa mutanen Abuja cewa ya gode. Kullum da safe yana nan yana cinye mini ɗumame.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba hannuna. In magidanta suka daina amsa maka sallama a masallaci, ban san ka ba. In birkila ya ɓata rai, ku kuka sani. Kuma duk tsohuwar da za ta yi wa jikanta wannan hidima, ta sa ido. Jiya na fito alwala na tarar da nawa da tef a hannu yana auna bangon ɗakina na ƙasa, wanda kakansa ya gina da hannunsa.

"Amarya, tambaya ɗaya zan yi miki. Ina ruwan sama yake bi?"

Na ce, "Inda ya saba bi tun kafin a haifi ubanka. Naɗe abin nan ka zo ka ci abinci."