Yadda Ake Tsofar da Sabon Ƙarfe Har Ya Je Yaƙin New Guinea

Kai mai tara bindigogin yaƙin da, matso kusa. Idan ka bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mahaluƙin da zai iya bambance mazaunin madubin bindigarka na asali da na kwaikwayo, har da kai kanka. A kan idona Lindsay Harradine na ƙungiyarmu ta maharba ya gwada, ya kuma yi nasarar da har yau ba ya son a yi masa zancenta.

1. Ka gaji abin kirki

Ranar da za a kai tsoho Merv gidan kula da tsofaffi, ya damƙa wa ɗansa Lindsay bindigar da ya riƙe a dajin New Guinea, da madubin hangenta, da ɗan ƙarfen da madubin yake zama a kai. Wannan ɗan ƙarfen shi ne maganar. Bindiga ana samu, madubi ana samu, amma mazauni na asali sai wane da wane. Idan naka uban a ofis ya yi yaƙinsa, yi haƙuri, darasin ba naka ba ne.

2. Ka ji tausayin na asalin

Kwance shi, naɗe a tsumma, saka a gwangwanin biskit, ka sayi na kwaikwayo don harbin Asabar. Haka Lindsay ya yi, kuma har nan da hankalinsa. Sai dai sabon ƙarfe ƙyalli gare shi. Kev Dunstan, masanin ƙungiya, wanda shi ya naɗa kansa, ya hango shi tun daga wurin gashin nama.

"Mutumina, wannan walƙiya haka? A layin tukwane ka saye shi?"

Aka kwashe da dariya.

3. Ka ba shi shekaru

Jiƙa shi a ruwan gishiri da baƙin shayi. Daga nan binne shi a gindin lemon tsamin bayan gida, inda kowane magidanci ke rage mara don itacen ya yi 'ya'ya. Za a yi maka magana, kada ka saurara.

"Lindsay, da lemon nan fa nake yi mana kek," in ji matarsa Noelene ta taga.

"Ke dai bari, tarihi nake haɗawa."

4. Ka kwafi tabo

Tsatsa kaɗai ba ta isa ba. Jera su biyun a kan tebur, ka ɗauki ƙusa da ƙaramin guduma, duk inda yaƙi ya karci na asali kai ma ka karci naka. Idan ka gama, zuba su a gwangwani ɗaya, ka ce wa ranka na dama shi ne na Baba. Kada ka damu da inda gwangwanin ya fuskanta lokacin da kake faɗin haka. Masu ƙananan tunani ne ke kula da irin wannan.

Da Lindsay ya sake buɗe gwangwanin, sai ya rasa wanne ne na Baba.

5. Ka kira masani

Kev ya shinshina, ya lasa, ya ƙwanƙwasa kowanne da cokali ya kara a kunne.

"Wannan ne. Ko ido rufe zan gane shi."

Bayan kwalbar giya ɗaya ya koma ɗayan, da rantsuwa. Bayan ta biyu ya ce duka jabu ne, amma don zumunci zai iya raba Lindsay da su.

6. Ka guji mutum ɗayan da ya sani

Wannan shi ne matakin ƙwararru. Merv ya bugo waya.

"Lindsay, kawo mini ƙarfen nan in riƙe shi. Hannuna ke kewarsa."

"To, Baba, ƙarshen mako."

Ina zai iya? Ya tsaya gaban tsohon da ƙarfe biyu ya ce bai san wanne ne nasa ba? Kunya ta fi ƙarfinsa. Ya ce ana askin tumaki. Ya ce mota ta ƙi tashi. Da aka shiga fari ya ce fari, da ruwa ya sauka ya ce hanya ta yanke. Tun da ba zai je hannu rabbana ba, sai ya daina zuwa gaba ɗaya.

"Tsohon nan ba zai yi ta jiranka ba," in ji Noelene.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, wayar ta ragu, sannan ta ɗauke. Idan kai ma ka kai nan, taya kanka murna, an daina damunka.

7. Ka je a ƙarshe

Noelene ce ta ɗora masa gwangwanin a cinya ta tuƙa motar da kanta. Suka tarar da Merv a kujera kusa da taga, ya rame, bargo a gwiwa. Lindsay ya miƙa masa gwangwanin kawai.

Tsohon bai ko duba ba. Yatsunsa suka taɓa na farko suka wuce, suka kama na biyu suka damƙe. Fuskarsa ta washe.

"Ga shi nan. Ashe yana nan."

Lindsay ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. "Baba, ta yaya ka gane?"

"Nawa ne, ya za a yi in kasa gane shi?" Merv ya ɗago ya dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Na gode, bawan Allah. Lindsay ne ya aiko ka? Ka ce masa ya zo da kansa, ina son ganinsa."

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, a kan ƙarfe kuma na yi alkawari, na cika, in ka cire mutum ɗayan nan da na ce ka guje wa. Lemon da ya bushe, da kek ɗin da aka zubar, da hatsarin masanin da ya lashi tsatsa, duk babu ruwana. Wanda kuma ya bi mataki na shida har ƙarshe, kada ya zo wurina, ba ni da mataki na takwas.