Rasuwar Baturiyar Malam Namadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har yana zuba ta gefe, Malam Namadi Dogon Daji, malamin dabbobi mai yawo tsakanin Tambuwal da Kebbe, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da ma waɗanda ba na arziki ba, rasuwar 'yar rediyonsa mai memori, wadda unguwa ta sani da suna Baturiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a Fakku, saura kwana goma ya zauna jarrabawar Turanci.

Marigayiyar ta shigo gidan Malam bara, a hannun 'yarsa Kamila, ɗauke da kalmomin Turanci dubu uku a jere daga A zuwa Z. Dalilin zuwanta sananne ne. Bayan shekara ashirin da shida ana tura waɗanda ba su iya karanta takardar maganin tsutsa ba ƙarin karatu, an tuna da Malam, an ba shi gurbin karatun cututtukan shanu na shekara ɗaya a ƙasar waje, da sharaɗin ya ci wannan jarrabawa. Baɗi shekarunsa za su wuce ƙa'ida. Wannan ce ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Baturiya ta kasance mai haƙuri da tsari. Takan faɗi kalma da muryar mace, ta dakata, ta maimaita, sannan ta kawo ma'ana. "Abundant," in ji ta. Shiru. "Abundant." Ba ta taɓa cewa ai jiya ta faɗa maka ba. Malam ya karanta littattafai fiye da duk wanda ya taɓa zama shugabansa a ofis, amma sai a bakinta ya fara jin wasu kalmomin da ya yi shekara talatin yana gaisawa da su a takarda.

Ita ce kuma muryar mace ta farko da aka ji a ɗakinsa tun rasuwar mai ɗakinsa Zulaihat. Cikin mako guda labari ya kai Sanyinna cewa Malam ya ɗaura aure a ɓoye da farar fata, mai faɗin magana ɗaya sau biyu saboda mijin ya fara kurumcewa. Tsofaffin da suka yi shekara huɗu suna kawo masa sunayen zawarawa suka ɗauke ƙafa. Malam bai ƙaryata ba. Ya ƙara murya.

Ta yi tafiye-tafiye a aljihun gabansa bisa babur. Shanun Kebbe da dama sun sha allura suna sauraron harafin M, kuma babu wadda ta yi ƙorafi.

Jinyarta gajeruwa ce. Malam ya sunkuya duba kofaton wata saniya, marigayiyar ta zame ta faɗa kwamin ban ruwa tana tsakiyar faɗin "reluctant". Da aka tsamo ta, ta ce "re", ta sake cewa "re", saniyar ta matsa baya ta taka ta. Memorin ya bi laka, ba a gan shi ba har yau. An garzaya da ita wurin Dogo mai gyara a kasuwar Tambuwal, ya jijjiga ta a kunne, ruwa ya zubo masa a wuya, ya ce, "Malam, wagga kam ta tafi. Sai dai haƙuri."

Ta bar caja ɗaya, da ƙyallen atamfar da ake naɗe ta, da ɗalibi mai furfura wanda ya ƙware daga A zuwa tsakiyar R. Ta bar marayun haruffa takwas da ba wanda ya gabatar masa da su. Kamila ta yi alkawarin turo sauran ta waya, ta manta wayar babanta mai maɓalli ce.

Za a binne ta ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar gida, cikin gwangwanin madara. Zaman makoki kwana bakwai ne, a zaure, har jajibirin jarrabawa. Ba a buƙatar goro ko tuwo. Duk mai zuwa gaisuwa ya zo da kalmar Turanci ɗaya daga S zuwa Z, tare da ma'anarta, ya faɗe ta sau biyu da ƙarfi kafin ya zauna. Tsofaffin shugabannin Malam na ofis, an yafe musu ma'anar.