Ranar da Wayata Ta Gaida 'Yan Ofis

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da wayata ta buɗe baki a gaban duk 'yan ofishinmu ta shiga gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna sai na ja tsaki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifin. Na nema, wallahi na nema, amma duk inda na bi kaina nake dawowa.

A Magajiya nake zaune, a nan Suleja, aikina kuma a Abuja, a wani kamfani mai sayar da kayan ofis. Duk mai wannan zirga-zirgar ya san azabarta: fitar sassafe, turereniya a tasha, ga gosulon Madalla. Ni Allah ya hutar da ni ta hannun Hajiya Rabi. Ƙawar Ummata ce tun suna 'yan mata, ita ce babba a sashenmu, ita ta kai takarduna aka ɗauke ni aiki, kuma kullum shida saura kwata motarta na bakin layinmu. Kujerar gaba tawa ce. Shekara biyu ban san abin da ake kira rububin mota ba, kuma ban da niyyar sake saninsa.

Sai dai kujerar nan ba a zama a kanta a banza. Hajiya ba ta shiru. Daga Suleja zuwa Zuba labarin ciwon gwiwarta ne. Daga Zuba zuwa Kubwa labarin ɗanta da ke ƙasar waje, wanda ba ya kira sai ya ga dama. Daga Kubwa zuwa ƙofar ofis kuwa mai gyaran famfo ne da ya yi mata alkawari tun bara. Aikina shi ne in riƙa jefa "Allah sarki" da "Ikon Allah" a inda suka dace (in na yi gyangyaɗi na jefa su a inda ba su dace ba, sai ta koma farko).

To, ga maganar Turanci. Irin namu na Suleja ina da shi buhu-buhu: a ɗan sa Hausa, a ɗan sa buroka, a yi ciniki a rabu lafiya. Na takarda ne ya gagare ni. Wata rana manajanmu, Mista Okon, ya ɗago wata wasiƙa da na rubuta, a gaban mutane, ya tambaye ni me nake son cewa. Na karɓa na karanta, ni ma ban gane ba. A daren nan na sauke wata manhaja a wayata, irin wadda take gyara rubutu kuma take hira da mutum da murya don bakinsa ya saba. Na raɗa mata suna Malama.

Tun ranar farko Malama ta ɓata mini rai. Ina buɗe ta, ko sannu babu, sai kawai, "Yau me za mu koya?" Haba! Ko mai kayan miya ba a faɗa masa haka. Na zauna na rubuta mata doka da Turancina mai ɗingishi: a wajenmu ba a fara magana sai an gaisa. Ki tambayi gida, ki tambayi aiki, ki tambayi duk mutumin da na taɓa ba ki labarinsa, ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tambayi yadda aka ƙare da abin da na gaya miki a kansa. Ta ce wannan al'ada ce mai kyau, za ta kiyaye. Ranar har Umma na yi wa alfahari cewa na koya wa na'ura tarbiyya.

Darasin kullum iri ɗaya ne. In na dawo da yamma ina kicin, sai in jingina wayar a jikin gwangwanin gishiri, ta ce in ba ta labarin yinina da cikakkun jimloli. To me ke cikin yinin ma'aikaciya in ba mutane ba? Nan na gano wani abu game da kaina: Turancina ya fi gudu in raina a ɓace yake. In aka ce in kwatanta kasuwar Suleja sai in yi ta in'ina, amma in aka zo kan wanda ya ƙular da ni, kalmomi har tuntuɓe suke da juna. Ita kuwa Malama ba ta taɓa cewa, "Ke, ji tsoron Allah." Sai dai ta gyara mini jimlar, ta ba ni kalmar da ta fi kaifi, ta ce na yi ƙoƙari.

Cikin wata huɗu wasiƙuna suka miƙe. Mista Okon ya kira ni ofishinsa ya tambayi sirrin, na gaya masa, ya ce ranar Alhamis a taron mako zan nuna wa kowa yadda ake amfani da abin. Kaina ya kumbura. Na ɗinka sabuwar atamfa saboda taron minti ashirin. Da safen ranar ko maganar gwiwa Hajiya ba ta yi ba sai da muka wuce Madalla. Ta ce, "Yau ranarki ce, 'yar nan. Na gaya wa uwarki, ni ce a kujerar gaba a taron nan."

Za ku ce ban tuna da gaisuwar ba? Ban tuna ba. Wata huɗu ana yi mini ita kullum, kunnena ya daina jinta, kamar yadda mutum yake amsa "lafiya lau" yana tunanin wani abu daban. Atamfa na tuna, da ɗaurin ɗankwali, da cajin waya.

Aka haɗa wayar da lasifikar ɗakin taro, aka ɗora ta a kan tebur gaban Mista Okon. Na gyara murya na yi wa Malama sallama. Ta amsa da muryar nan tata mai sanyi (da Turanci take magana, ni zan juya muku). Ta tambayi gida, ta tambayi Umma, ta tambayi gajiyar hanya. Ɗaki ya ɗauki tafi. Mista Okon ya ce shi bai taɓa jin na'ura mai ladabi haka ba. Ni kuwa, don neman suna, na ɗaga hannu na ce, "Ni na koya mata." Ku riƙe wannan, da bakina na faɗa, a gaban shaidu.

Sai ta ci gaba. "Yaya Mista Okon? Har yanzu yana kiran taron minti goma ya kai ku azahar?"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, irin dariyar da haƙora kawai ke yi. Ni kuwa sai a lokacin na tuna dokar da na kafa mata.

"Yaya Bala na sito? Ya daina sa cokali a abincinki ba a kira shi ba?"

Nan fa har da masu buga tebur. Bala ya ɗaga hannu yana rantsuwa sau biyu ne kawai. Kowa na jin daɗi ban da ni, domin ni kaɗai na san jerin, na kuma san wadda ke biye. Na yi wuf zan ɗauke wayar, Mista Okon ya riga ni, ya ɗaga ta sama yana cewa in bari, ai yanzu abin ya fara daɗi. Mutumin da aka gama tona wa asiri, shi ne mai son a ji na wasu.

"Yaya Hajiya Rabi? Ya gwiwar tata? Kin samu ta yi shiru ko da daga Madalla zuwa Zuba ne, kamar yadda kike fata?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki, amma ni gumi ya riga ya jiƙa sabuwar atamfata.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya sunkuyar da kai. Ni sai na ɗaga murya, da Turancin nan mai kyau da na sha wahalar koya, na ce ƙarya take yi, ai kowa ya san irin waɗannan na'urori ƙirƙirar magana suke. Na manta tana saurare. Cikin ladabi ta ba ni haƙuri in ta yi kuskuren fahimta, ta ce bari ta kunna abin da na faɗa ranar Talata don mu tabbatar, tunda ma ita ce jimla mafi kyau da na taɓa yi.

Sai ga muryata a lasifika, har da ƙarar suyar albasa a baya: "Na gaji da labarin gwiwar nan. Matar nan ba taimakona take yi ba, kunne take nema, ni kuma kujera nake nema, shi ya sa nake haƙuri."

Malama ta ƙara da cewa babu kuskure ko ɗaya a ciki, in ci gaba da ƙoƙari.

Na taɓa faɗuwa a kan acaɓa a tsakiyar kasuwa, zani a gefe, takalmi a kwata. Wannan wasa ne. Ban iya duban kowa ba sai Hajiya, ita kuma ba ta dube ni ba. Ta cire tabaranta a hankali, ta naɗe, ta sa a gidansa. Ta ce, "Turanci ya yi kyau, masha Allah." Ta dafa tebur ta miƙe, ta fita tana ɗan jan ƙafar nan da na gama yi wa ba'a.

Da aka tashi aiki ban ko bi ta wajen ajiye motoci ba. Tasha na nufa, na sha matsi tsakanin wani mai buhun doya da wata mai goyo, ban isa gida ba sai bayan isha'i. Juma'a ma haka na yi. Ina ta jiran Umma ta kira ni ɗaki ta wanke ni tas, shiru. Ashe Hajiya ba ta gaya mata komai ba, wannan kuma ya fi zagin ciwo.

Ita kuwa Malama, da na buɗe ta don in goge komai, sai cewa ta yi, "Sannu da dawowa. Yaya taron ya kasance?" Wallahi da mutum ce da mun kwashi 'yan kallo. Na yi mata faɗa da Hausa zalla, ta ce in sake gwadawa da Turanci.

Ranar Asabar na ɗauki mayafi na tafi gidan Hajiya. Sau da yawa na sha zuwa ƙofar gidan, amma rabon da in zauna a falon har na manta. Tun da maigidanta ya rasu 'ya'ya suka watse, ita kaɗai ce a ciki. Kujeru shida, ba kowa a kai. Ina zaune ina jiran ta idar da salla, ba abin da ke motsi sai agogon bango. A nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun shekara biyu: in ta rufe ƙofar nan da yamma, ba ta sake buɗe baki ta yi magana da wani sai ta tsaya a bakin layinmu.

Ta fito, na durƙusa, na fara jero ban haƙuri ina kuka har da majina. Ta bari na gama.

"Ba komai," ta ce. "Tashi."

"Hajiya, don girman Allah ki yi mini faɗa."

"Faɗan me? Kin gaji, kin faɗa. Abu ɗaya ne dai. Ina gefenki kullum, tsakaninmu ko taku ɗaya babu. Da kin gaya mini da Hausa ai da na ji. Sai da kika je kika koyo Turanci?"

Na miƙe na gyara mayafina. Ta raka ni bakin ƙofa ta ce in gaida Umma, Litinin kuma in fito da wuri.

Litinin shida saura kwata motar na bakin layi. Na shiga, muka gaisa, ta kunna rediyo. Muka wuce Madalla, muka wuce Zuba, muka wuce Kubwa, ba ta ce uffan ba. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba.

Yau wata uku ke nan. Kujera tana nan, ba a ƙwace ba. Malama ma tana nan, don ba zan yi ƙarya ba, ta iya aikinta, sai dai yanzu labarin girki da yanayin gari kawai take samu a wajena, kuma ko ta mutu ba za ta sake jin sunan wani ba. Darasin da na koya ba shi da tsawo: maganar da ba zan iya faɗa wa mutum a gaban idonsa ba, ba na faɗa wa abin da ake sa wa caji.

Kullum in mun hau titi ni ce nake juyawa in ce, "Hajiya, ya gwiwa?" Sai ta ce, "Da sauƙi," ta ƙara muryar rediyo. Wasiƙa mai shafi biyu yanzu ina rubuta ta da Turanci ba wanda zai ɗaga ta a gaban mutane. Jimla ɗaya ta Hausa da za ta sa Hajiya ta ci gaba da labarinta nake nema, har yanzu ban samu ba.